Ƙafar Da Ba Ta Jin Zafi

Mai karatu, da za a ce daga yau ba za ka ƙara jin zafi a ƙafarka ba, za ka yi murna? Kada ka yi saurin amsawa.

Zongon Lome ya sami sunansa daga zango, inda fatake ke sauke kaya su huta bayan doguwar tafiya a ƙasa. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni zuwa Agoe a arewa, amma har yau ƙafa ce jarin mai talla da ɗan dako. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Ƙafa biyu ƙasusuwa 52 ke nan, wajen rubu'in 206 da ke jikinka. Mai gadin wannan gini kuwa shi ne zafi. Ƙaya ta soke ka, ka tsaya ka cire.

Likita Paul Brand, Baturen Ingila da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya nuna cewa yatsun masu kuturta suna lalacewa ne domin jijiyoyinsu sun daina jin zafi. Mutum yana taka miki bai sani ba, har ya ruɓe. Ciwon sukari ma yakan kashe jijiyoyin ƙafa haka. Shi ya sa ake gaya wa mai sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi, in ya ga rauni ko ƙarami ne ya nufi asibiti.

Ashe zafi ba maƙiyi ba ne. To, lamirinka fa? Ranar da ka fara tauye mudu, ko ka fara yi wa matarka ƙarya, zuciyarka ta soke ka. A karo na goma ba ka ji kome ba, ka ce ka sami kwanciyar rai. Ɗan'uwana, wannan ba lafiya ba ce, jijiya ce ta mutu.

Wanda ba ya jin ƙafarsa yakan nemi madubi, ko wani ya durƙusa ya duba masa. A Yohanna sura 13 Yesu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, Bitrus kuwa da farko ya ƙi. Kai wa ka yarda ya ga inda ka ruɓe? In wani ya tsauta maka yau, kada ka janye ƙafa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka rayar da lamirina, ka ba ni tawali'un karɓar tsautawa. Amin.