Magen Gida Biyu

Akwai wata 'yar magana da ta taso tsakanin gidana da gidan maƙwabciyarmu a daminar bara, wadda har yau na kasa ajiye ta, ko da yake duk wanda na ba labarin dariya yake fara yi. Maganar kuwa a kan mage ce.

Asalin magen ta 'yata ce, mai shekara tara. Kawunta ne ya kawo mata ita daga ƙauye cikin kwali, tana 'yar ƙarama ko tafiya ba ta iya sosai ba. Yarinyar nan da murfin kwalba ta riƙa ba ta madara har ta yi ƙwari, ta sa mata suna Fara. Da ta girma ta yi mana aikin da aka san mage da shi, domin ɓerayen da suka addabi buhunan hatsinmu ko ɗuriyarsu muka daina ji. Ana nan sai Fara ta fara fashin kwana. Yau kwana ɗaya, gobe kwana uku, har aka yi mako ba a gan ta ba. Wata rana da la'asar yarinya ta hango ta kwance bisa katangar maƙwabciyarmu, ta yi ƙiba, an ɗaura mata jan zare a wuya.

Maƙwabciyar nan tsohuwa ce, duk layin Iya muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna can Ikko da Abuja wajen neman abinci. Uwargida ta aiki yarinyar ta je ta ɗauko magenta, sai ga ta ta dawo hannu wofi tana kuka. Wai Iya ta ce mata, "Ke kishiya, je ki gaya wa uwarki ni ban kira ta ba, da ƙafarta ta zo. Abin da ya zo da ƙafarsa kuwa ba a ce an sato shi." Daga baya muka ji cewa kifi busasshe take saya mata, ta sauya mata suna, kuma da magariba takan kulle ta a ɗaki don kada ta fita.

To, mai karatu, mage ta wa ce? Ta wanda ya rene ta, ko ta wanda ta zaɓa?

Da farko na ɗauka amsar a fili take. Sanin kowa ne a garuruwanmu kaji da awaki sake suke yawo. Kazar wani takan shiga gidanka ta tsince tsabar da matarka ta sheƙe, akuyar wani takan cinye dusarka, amma ba a taɓa jin wanda ya ce tunda kazar ta ci tsabarsa ta zama tasa ba. Wanda ya yanka ta ɓarawo ne, ko da shekara ta yi tana kiwo a tsakar gidansa. Shi ya sa mata suke ɗaura wa kajinsu tsumma a fiffike, ake kuma tsaga kunnen akuya. Me ya sa in an zo kan mage sai wannan ƙa'ida ta yi rauni a zukatan mutane?

Ina ganin dalili na farko shi ne mage ba ta da farashi a wurinmu. Ka je kara za ka tarar da masu sayar da tumaki da awaki, ka leƙa 'yan kaji ka ga zabi da agwagi da tantabaru, amma da wuya ka ga dillalin mage. Kyauta ake bayar da ita. Akwai ma hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin mage, ko da yake mafi yawan malamai ba su ɗauke shi a kan haramci ba. To shi mutum, in ya ga abu ba a sayar da shi, sai zuciyarsa ta raya masa cewa abin ba shi da mai shi. Wannan kuwa kuskure ne babba. Allon da kakanka ya yi karatu da shi nawa za a saya a kasuwa? Amma in wani ya ɗauke maka shi, ai ka fi jin zafi da a ce naira dubu goma aka zare maka daga aljihu. Hawayen da yarinyar nan ta yi kwana da kwanaki tana yi ba na asarar kuɗi ba ne.

Wani abokina ya ce mini ai sai a ɗauki maganar a matsayin tsintuwa. Na ce ko a nan Iya ba ta da mafita. Hukuncin tsintuwa a shari'a shi ne a yi cigiya har shekara guda, ita kuwa ta san mai abin, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Bugu da ƙari, a hadisin Zaidu bin Khalid da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓatattun dabbobi, ya bambanta tunkiya da raƙumi. Ita tunkiya ya yarda a ɗauke ta, domin in an bar ta kyarkeci ne zai cinye. Shi kuwa raƙumi ya hana a taɓa shi, saboda yana iya kai kansa ga ruwa da kiwo har mai shi ya same shi. A nawa ɗan fahimtar, mage lafiyayya da ke yawo a unguwa ta fi kama da raƙumin nan. Ba ɓata ta yi ba, ta fi ka sanin hanyar gidansu. Sau da yawa wanda ya ce ya tsinci mage, magen da ke kan hanyarta ya tare. Watakila ma abin da Bahaushe ya hango ke nan da ya ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Amma fa in na tsaya a nan ban yi wa tsohuwar adalci ba, domin maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Mage daban take da sauran dabbobin gida. Saniya da tunkiya da jaki mutum ne ya kamo su ya ɗaure. Ita kuwa mage, masana suna ganin ita ta kawo kanta: da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, magen daji ta biyo ɓerayen, mutum ya ga amfaninta ya ƙyale ta. A shekarar 2004 masu haƙar kayan tarihi suka bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da mage dab da juna. Wato tun fil azal da ƙafarta ta zo, kamar yadda Iya ta faɗa, kuma ba ta taɓa yin alkawarin zama wuri ɗaya ba. Hadisin Abu Ƙatada, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, da ya nuna ruwan da mage ta sha bai zama najasa ba, dalilin da ya bayar shi ne tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutane. A birnin Istanbul na Turkiyya har yau dubban maguna ne ke yawo a tituna, masu shaguna da mazauna unguwa suna ajiye musu abinci da ruwa, babu mai cewa tawa ce. Saboda haka wanda ya ajiye mage ya kamata ya san abin da ya ajiye. In yana son dabbar da ba ta leƙa gidan kowa, ya nemi tunkiya da turke.

Haka nan ba zan iya cewa Iya ta yi laifi don ta ba dabba abinci ba. Wane Musulmi ne zai hana? Duk mun san labarin matar da aka azabtar saboda mage. Sai dai jama'a sukan riƙe rabin labarin su saki rabi. Laifin matar nan biyu ne a haɗe: ba ta ciyar da magen ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Tsarewar tana cikin laifin. Da na yi tunani a kan wannan sai na ga ashe inda iyakar take ke nan, wato ƙofa. Muddin ƙofar Iya a buɗe take, Fara baƙuwa ce, kuma karrama baƙo ba ya zama sata. Ranar da ta tura ƙyaure ta sa sakata, ranar ce hujjarta ta rushe, domin wanda ya ce dabba da ƙafarta ta zo, dole ne ya bar ta ta koma da ƙafarta. Ba a kafa hujja da zaɓin mage sannan a hana ta zaɓi. Jan zaren nan da sabon suna su ma ba don magen aka yi su ba, ita ba ruwanta da suna. Mu aka yi wa su, don a shaida mana an canza hannu.

Abin ya ba ni sha'awa da na ga Turawan Ingila, waɗanda rigimar mage tsakanin maƙwabta ta daɗe tana kai su gaban hukuma, su ma sun yi ta fama da wannan iyaka. Tun daga 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta wa mai mage a Ingila ya sa a dasa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai ita. A watan Agusta na shekarar kuma wata doka ta fara aiki wadda ta mai da sace kare ko mage laifi na musamman, mai hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 5. Amma sun bambanta su: a kan kare, ɗauka da tsarewa duk laifi ne, a kan mage ɗauka kawai suka ambata, saboda sun san halinta na shiga gida-gida, kada a wayi gari an gurfanar da duk wanda mage ta kwana a kujerarsa. Doka ta ja da baya a nan, ta bar sauran ga mutuncin maƙwabta. Mu da ba mu da na'urar, dama can abin da muke da shi ke nan.

Akwai kuma wani ma'auni da ya fi ƙofa nauyi a wurina. Ana cikin wannan zaman doya da manja, Fara ta faɗa gidan wani maƙwabcinmu na uku ta kashe masa 'yan tsaki huɗu. Ƙofar wa ya ƙwanƙwasa? Tawa. Ni na ba shi haƙuri, ni na biya. Iya tana jin hayaniyar daga ɗakinta, ba ta leƙo ta ce magenta ce ba. Ban faɗi haka don in tozarta ta ba, halin ɗan Adam ne: muna son daɗin abu, nauyinsa kuwa mu bar wa wani. Duk wanda ya taɓa ba da ɗa riƙo, ko ya karɓa, ya san wannan. Yaro yakan fi son gidan da ake ba shi alewa ba a aikensa, amma ranar da zazzaɓi ya kama shi cikin dare ake sanin gidansu. Son da yaro ke yi wa mai alewa gaskiya ne, sai dai ba ya mai da mai alewa uba. Hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri ma a kan haka ya ginu: bai tambayi wadda jaririn ya fi yi wa murmushi ba, ya nemi wadda za ta yarda ta yi asara don ya tsira.

Har nan ina ganin na yi nasara a shari'ar da nake yi ni kaɗai a zuci. Sai uwargida ta jefo mini wata tambaya, ba ma da niyyar gardama ba. Ta ce, "Malam, yaushe rabonka da shiga gidan Iya?" Na yi lissafi, tun ta'aziyyar mijinta, shekara uku ke nan. Gaisuwa ce kawai in mun haɗu a ƙofar gida. Ni da nake karanta wa ɗalibai hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya a kan maƙwabci har aka zaci za a ba shi gado, ashe a duk gidana babu mai sada zumunci da tsohuwar nan sai mage. Matar da ke wuni ba ta ji muryar kowa ba sai rediyo, wata halitta ta shigo ta kwanta a kan ƙafarta, me ake so ta yi? Wannan bai halatta mata sakata ba, har yanzu ina kan bakana. Amma ya sa na ji kunyar zuwa neman haƙƙina a gidan da na daɗe da tauye nasa haƙƙin.

Duk da haka na je, domin yarinya ma tana da nata haƙƙin, kuma bai kamata ta tashi da tunanin cewa babba yana iya karɓe abin yaro don kawai shi babba ne ba. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Iya, mun ji Fara ta sami gida na biyu, mun gode da ɗawainiya. Alfarma ɗaya nake roƙo, a riƙa bar mata ƙofa, jikarku ba ta barci sai ta gan ta." Ta yi shiru har na zaci ta yi fushi. Can ta ce, "Ɗan nan, tsoro nake ji in ta fita ba za ta dawo ba." Na ce za ta dawo, in ma ba ta dawo ba za a kawo ta. Ta sa hannu ta kwance jan zaren da kanta.

Tun daga ranar yarinyar ce ke kai wa Iya tuwon dare, ta zauna su yi ta faɗan kishiyoyi, magen tana tsakaninsu. Da kaka Fara ta haihu, kuma a ƙarƙashin gadon Iya ta ga damar haihuwa, 'ya'ya uku. Na shirya jin sabuwar rigima, domin na san a ƙa'ida 'ya'yan dabba na mai uwar ne, a ɗakin kowa aka haife su. Iya ba ta ce komai ba, ta aiko a zo a gani. Yarinyar ta ce ta zaɓi ɗaya, ta zaɓi wani baƙin muzuru mai farin wuya, ta ɗaura masa jan zaren nan. Yanzu watansa biyar, kuma kusan kullum a kicin ɗinmu yake karyawa.