Ko Tsoron Ciwo Rashin Bangaskiya Ne?

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-9

Falke yakan sauka a tashar Ojoo ta Ibadan lafiya lau, farat ɗaya zuciyarsa ta kama bugawa, numfashi ya yi wuya, ya ce ajali ya zo. Bayan haka ya zargi kansa da rashin bangaskiya.

'Yan'uwa, ku dubi Iliya. Ya gudu domin tsoron Yezebel, har ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai tsauta masa ba, sai ya ba shi abinci da ruwa. Firgita ba zunubi ba ce, gama jiki ne ke shirin gudu, ko da babu mai kora.

Irin wannan firgita takan kai matuƙa cikin kamar minti 10, kana ta lafa. Ka zauna, ka ja numfashi sannu, gama gaggawarsa ke kawo jiri. Ka je a gwada ka, ga Asibitin Jami'a da aka buɗe a 1957. Idan likita ya ce zuciyarka lafiya take, ka yarda, gama yawan binciken jiki abincin tsoro ne. Kada ka ɓoye wa 'yan'uwanka na Sabo.

Tambaya: Don me aka ciyar da Iliya kafin Ubangiji ya yi masa tambaya?