ANYA KUWA MUTANE NE?

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a bakinmu, a gidan biki ko gidan gaisuwa ko wurin kitso, duk sa'ad da aka kawo labarin ɓarayin daji. Sai ki ji wata ta dafe ƙirji ta ce, "Anya kuwa waɗannan mutane ne?" Ni dai amsar da nake da ita mai ɗaci ce. Mutane ne. Mace ce ta ɗauki cikin kowannensu wata tara, ta yi naƙuda, ta sha ruwan zafi, aka yanka rago aka raɗa masa suna, ta goya shi ta yi masa tawai. To abin da ya kamata mu zauna mu yi wa kanmu shi ne, ta yaya jaririn da aka yi wa huɗuba a kunne yake girma ya zama mai cinikin 'yan'uwansa kamar awaki?

Bari in tuna mana kaɗan daga abin da ya auku a ƙasarmu ta kudancin Katsina, domin kada maganar ta zama ta iska. Ranar 9 ga watan Yuni na 2020 aka afka wa ƙauyen Kadisau cikin ƙaramar hukumar Faskari, aka kashe mutane masu yawa a yini guda. Daren Juma'a 11 ga Disamba na wannan shekara aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora yara maza cikin daji da ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344 daga cikinsu. Kwana shida ke nan iyaye mata suna zarya ƙofar makaranta, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. A watan Fabrairu na 2024 kuma aka tare motar 'yan rakiyar amarya a yankin Damari cikin ƙaramar hukumar Sabuwa, aka yi daji da mata masu yawa, da lallensu da kwalliyarsu. Wacce duk ta taɓa raka amarya tana guɗa ta san abin da wannan yake nufi.

Idan muka ce dabbobi ne, haƙiƙa mun zalunci dabba. Kura in ta ƙoshi kwanciya take yi. Ba ta san ta riƙe ɗan akuya ta aika wa uwarsa cewa a kawo kaza ba. Mai garkuwa da mutane kuwa da hankalinsa yake aiki, irin hankalin da Allah Ya ba ni Ya ba ki. Ya san uwa tana son ɗanta, da wannan son yake ciniki. Ya san miji zai sayar da gona domin matarsa, shi ya sa yake sa ta kuka a waya don mijin ya ji. Wato sai wanda ya san daɗin ƙauna ne yake iya mayar da ita wuƙa. Kin ga ashe muguntar ɗan Adam daga cikin mutuntakarsa take fitowa, kuma wannan ne abin tsoron.

Wani dalilin da ya sa muke son cewa ba mutane ba ne shi ne don mu huta. In su dodanni ne, to mu ba ruwanmu, sharri yana can dajin Rugu, mu kuwa muna nan tsarkakakku. Amma Hausawa sun riga sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Mutumin da ke tsakiyar daji ina ya san Alhaji wane ya sayar da masara buhu ɗari a kasuwar Sheme? Ina ya san ɗakin da maigida yake kwana, ko ranar da za a kai amarya da hanyar da za a bi? Wani ne ya faɗa masa, wanda ake kira infoma. Shi kuwa infoma ba shi da ƙaho. Yana sahun sallar asuba, yana cin tuwon gidan da ya sayar, kuma in gari ya waye yana cikin na farkon zuwa jaje. A watan Satumba na 2021 sai da gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi. Duk wannan shaida ce cewa hukuma ta gane daji da gari igiya ɗaya ta ɗaure su. Daji ba ya haƙo fetur, ba ya gasa burodi.

Wannan hali ba yau ya fara ba. Kisan kai na farko a bayan ƙasa tsakanin wa da ƙane aka yi shi, 'ya'yan Annabi Adamu, kuma hassada ce ta jawo. 'Yan'uwan Annabi Yusufu uba ɗaya suke da shi, suka jefa shi rijiya, sa'annan suka dawo wa mahaifinsu da dare suna kuka, riƙe da riga mai jinin ƙarya. Ki dubi wannan kuka nasu, ki dubi jajen infoma, ki gaya mini bambancinsu. A cikin wannan sura ne dai aka sanar da mu cewa rai mai yawan umurni da mugun aiki ne, sai wanda Ubangiji Ya yi wa rahama. Ba a ce ran Bafillace ko ran Bahaushe ba. Rai aka ce, har da nawa da naki.

A iya tunanina ƙofa uku sharri yake bi ya shiga zuciya. Ta farko kwaɗayi da hassada. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya yi rufin kwano, ya sayi babur, sai abin ya tsaya masa a wuya, har ya fara gaya wa kansa cewa ai wane ba fin sa ya yi ba. Daga ranar da ya fara jin cewa arzikin wani nasa aka ƙwace, to saura ƙiris ya ɗaga waya.

Ƙofa ta biyu ita ce gayya. Gaskiya ɗaya ce, an zalunci makiyaya da yawa. An cinye burtali da labi an mayar gonaki, an sace shanun wasu ƙaf ba wanda ya bi musu haƙƙi, kuma akwai lokacin da wasu 'yan sa-kai suke kama Bafillace a kasuwa su kashe ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Haka nan an zalunci manoma, an ƙone rumbuna, an kashe maza a gona, an ci mutuncin mata. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna. To amma gayya makauniya ce, ba ta faɗa wa wanda ya yi laifi, sai wanda ta samu. Yaron Ƙanƙara ɗan aji ɗaya wace saniya ya sata? Tsohon da aka kashe ya zo sayar da akuyarsa wane gari ya ƙone?

Ƙofa ta uku, wadda ta fi ba ni tsoro, ita ce cire wa mutum sunan mutum. Kafin hannu ya yi kisa sai baki ya riga shi. A ƙasar Ruwanda cikin 1994 an kashe mutum wajen 800,000 a cikin kwana 100, da yawa da adda, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya sari maƙwabci. Kafin a kai nan sai da aka daɗe ana kiran wata ƙabila kyankyasai a gidan rediyo. Wa yake jin tausayin kyankyaso? To mu ma mu saurari bakinmu. Ranar da kika ce wa ɗanki "duk Bafillace ɓarawo ne", ko wata a ruga ta ce wa nata "duk Kaɗo maƙiyinka ne", an shuka irin da wata uwar za ta girbe da hawaye.

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ai talauci ne da rashin ilmi." Ban musa ba, yunwa mugunyar mashawarciya ce, kuma yaron da ya tashi ba allo ba boko ba sana'a, wanda ya fara miƙa masa bindiga da ƙwaya shi ne malaminsa. Haƙƙi ne a kan shugabanni su toshe wannan rami, kuma Allah zai tambaye su. Sai dai talauci bai isa ya zama dukkan amsa ba. Dubban matan da aka koro daga ƙauyukansu suna raɓe a kangaye cikin Faskari da Ƙanƙara da Funtuwa, suna surfe da wankau, ba wadda ta sayar da maƙwabciyarta. Su kuma manyan daji sun tara miliyoyi, ba su daina ba. Ki dubi Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe yaran Ƙanƙara. A watan Fabrairu na 2021 ya fito Gusau ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, a can kuma 'yan'uwansa 'yan bindiga suka harbe shi. Da yunwa ce kaɗai ta kai shi, da ƙoshi ya zaunar da shi.

To mu mata ina namu a ciki? Namu babba ne, domin kowane mugu daga wani ɗaki ya fito, kuma wani ɗaki yake komawa. Ɗanki ba ya noma, ba ya kasuwa, ya shigo miki da atamfa da waya sabuwa, kika karɓa kika sa albarka ba ki ce "ina ka samu?" ba. Saurayi ya zo zance yana ɓarin kuɗi, ba wanda ya san sana'arsa, ke budurwa kika ce ai rabo ne, uwa ta ce a yi maza a sa rana. Miji yana fama da ɗan abin da Allah Ya hore masa, kullum sai gori, "dubi gidan wane, dubi matar wane." 'Yar'uwa, gorin mace yana iya tura namiji inda bai taɓa zaton zai je ba. Sai kuma sakin baki a taro, wance an kawo mata lefe akwati kaza, mijin wance ya dawo da kuɗin auduga. Ke hira kika yi, amma ba ki san kunnen da ya ɗauka ba.

Kada kuma mu manta da ƙaramar muguntar da muke yi a tsakar gida muna ganin ba komai ba ce. Ɗan kishiya a ba shi ƙanzo, 'yar riƙo ta kwana a kan tabarmar kaba cikin sanyi, almajiri a sa shi wanki tun safe a sallame shi da ragowar jiya. Yaran da kika haifa suna kallo. Darasin da suke ɗauka shi ne, akwai mutumin da zafinsa ba zafi ba ne. Ai wannan shi ne karatun da mai garkuwa ya sauke, illa dai shi ya yi nisa a cikinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara nan zai bushe.

Ga tambaya mai nauyi, wadda na san akwai matan da suke kwana da ita. In kin gane mijinki ko ɗanki ko ƙanenki yana kai wa daji rahoto, me za ki yi? Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba, domin ciki ya haifa, kuma akwai tsoron rai. Amma shirunki ba zai cece shi ba, sai dai ya ƙara masa igiya, kuma kowane gida aka shiga da bakinsa kina da kaso a alhakin. Mafi ƙarancin abin da za ki iya, kada ƙwayar wannan kuɗi ta shiga tukunyarki. Ki yi masa magana tun abin bai yi nisa ba. In ya ƙi ji, ki nemi babban da kika amince da riƙon sirrinsa, liman ko wani dattijo a dangi, a san yadda za a kai maganar inda ta dace. A ɗaya gefen kuma ki ji tsoron Allah kada ki laƙa wa wani sunan infoma don kun yi faɗa da matarsa ko don zato kawai. A wannan zamani wannan kalma kisa take yi, kuma ƙazafi shi ma daga cikin duhun zuciyar nan yake fitowa.

Shin mai irin wannan hali yana shiryuwa? Ƙofar tuba a buɗe take har rai ya zo maƙogwaro, ba mai ikon rufe ta. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da su, ta sake yi a 2019, har gwamna ya shiga yankunan Sabuwa da Faskari da kansa, daga baya ya fito ya ce sun ci amana. A 2025 ma al'ummomi da dama, har da na Faskari, sun sake zama da su, domin wanda wuta ke ci shi ya san zafinta, kuma ba na zargin manomin da yake son ya je gonarsa ya dawo lafiya. Sai dai malamai sun koya mana cewa tuba tana da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, a mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Iyalan wanda aka kashe su ke da ikon yafe jininsa ko su ƙi, ba wanda zai yafe a madadinsu don ya zauna a kan kujera.

Saboda haka 'yan'uwa, in an sake kawo irin wannan labari, bayan mun yi innalillahi, kowace ta leƙa zuciyarta da ɗakinta. Wa nake yi wa hassada? Wa na cire daga sahun mutane? Me nake ci ban san asalinsa ba? Me yarana suke ji daga bakina? Allah Ya ji ƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gidansa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu daga sharrin kawunanmu. Amin summa amin.