ILIYA A GINDIN ITACE: WA'AZI KAN NAUYIN ZUCIYA



A kowace Lahadi muna cika majami'a da waƙa, amma labarin zuciya a tambayi fuska. A cikinmu akwai uwar da ba ta ƙara samun barci ba tun ranar da aka binne ɗanta, akwai magidancin da bashi ya hana shi cin tuwo, akwai saurayin da ya gama makaranta ya rasa aiki har ya daina fita daga ɗaki. Sau da yawa mukan ce musu bangaskiyarsu ce ta raunana, ko kuwa an yi musu sammu. Da wannan magana mukan ɗora musu kaya a bisa kaya.

Mu tuna da Annabi Iliya, a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel, Yezebel ta yi rantsuwa za ta kashe shi. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Wannan ba marar bangaskiya ba ne, annabi ne. Allah kuwa bai tsauta masa ba. Abin da ya yi masa ya yi kama ƙwarai da dabarun da masu ba da shawara da likitocin ƙwaƙwalwa suke koya wa masu damuwa.

Da fari, Allah ya kula da jikinsa. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi har sau biyu domin ya ci gurasa ya sha ruwa. Haka masana suke koyarwa: mu riƙe lokacin kwanciya da na tashi, mu ci abinci ko ba ma marmari, mu guji neman sauƙi a cikin burkutu da ƙwayoyi. In tsoro ya taso har gaba yana faɗuwa, mu zauna, mu ja numfashi muna ƙirga huɗu, mu sake shi a hankali muna ƙirga shida. Fitar da numfashi sannu a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Ana iya haɗa shi da kiran sunan Yesu.

Na biyu, a Dutsen Horeb Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurare shi har ya gama kukansa. Baƙin cikin da aka kira shi da sunansa a gaban amintaccen mutum yakan rage nauyi. Ubangijinmu da kansa, a Gatsemani, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna irin baƙin cikin da yake ciki. In shi bai ɓoye ba, don me mu za mu ji kunya?

Na uku, Allah ya gyara tunaninsa. Iliya yana ganin shi kaɗai ya ragu, sai aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya lura tun cikin shekarun 1960 cewa mai ciwon damuwa yakan ɗauki mugun zato kan kansa ya mai da shi gaskiya. Ya koya wa majinyatansa su rubuta tunanin, su yi masa shari'a. In zuciya ta ce mana ba mu da amfani ga kowa, mu tambaye ta: ina shaida? Me za mu faɗa wa ƙanenmu in shi ya zo da wannan magana? Waliyi Ignatiyus na Loyola ma ya gargaɗe mu kada mu sauya shawara a lokacin duhun zuciya. Wanda ke cikin wannan hali kada ya saki aure, kada ya sayar da gona, sai hazo ya washe.

Na huɗu, Allah ya ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Mai damuwa yakan jira ya ji daɗi kafin ya tashi, alhali sau da yawa tashin ne ke jawo jin daɗin. Mu fara da ƙaramin abu: sharar tsakar gida, gaida maƙwabci, zuwa Misa ta safe. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma mu ji wannan da kyau. In baƙin ciki ya kai mako biyu ba sassauci, har mutum ya kasa aikinsa, ko yana zancen kashe kansa, to lokacin asibiti ya yi. Mai irin wannan zance kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga kusa da shi, a kai shi wurin likita ran nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Shan maganin likita ba ya rage darajar addu'a, kamar yadda maganin zazzaɓi ba ya rage ta. Ɗaure majinyaci da mari ko dukansa zalunci ne. A 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙinsa, a madadin tsohuwar dokar 1958. Iyalan da suka yi rashi ta wannan hanya kuwa, su sani Katekisim ya koyar cewa tsananin ciwon zuciya na iya rage alhakin mutum, Ikilisiya kuma tana yi musu addu'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Katekis, Zumuntar Mata da shugabannin matasa, ku duba bencin da ya daɗe babu mai shi. Ku je da ƙwaryar abinci kafin ku je da wa'azi, gama mala'ikan Iliya da gurasa ya fara.

Allah na dukan ta'aziyya ya warkar da masu karyayyar zuciya, Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.