Amanar Ma'aikaci da Haƙƙin Lebura a Ƙasar Kuza

Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna wata mas'ala, watau ko ya halatta ga wanda aka tauye wa haƙƙi ya ɗebi kwatankwacinsa daga dukiyar wanda ya zalunce shi ba da saninsa ba. Kuma ko da yake sun yi saɓani a kan wannan, ba su halatta wa ma'aikaci ya lalata kayan da aka danƙa masa don huce haushi ba, gama Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori mumini da tsare amana ko da ga wanda ya ha'ince shi.

Sai dai tarihin Jos ya isa wa'azi ga masu ɗaukar ma'aikata. Lokacin da Japan ta ci ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adinar kuzarta, sai gwamnatin Turawa ta ɗebo dubban talakawan Arewa ta kawo su aikin tilas a ramukan Bukuru da kewaye har 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka halaka da yawa. Leburorin da aka wulaƙanta, waɗanda ladansu bai kai guminsu ba, sun riƙa gudu, wasu kuma suna sayar da kuza a ɓoye, kuma duk da masu gadi da tsananin doka, kamfanonin haƙar kuza ba su iya kawar da wannan sata ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, wanda ke son ya tsira daga sharrin na cikin gida, wajibi ne ya biya lada a kan kari, ya saurari kuka tun bai zama ƙiyayya ba, kada ya tara makulli da littafin lissafi a hannun mutum guda, in kuwa rabuwa ta zo, ya sallami ma'aikaci da mutunci, ya karɓi abin da ke hannunsa a gaban shaidu.

Kai kuma ma'aikaci, nemi haƙƙinka a fili, ta hanyar ƙungiya ko gaban alƙali, gama zaluncin ubangida ba zai zama maka hujja ba ranar hisabi.