RAGE SHAN GIYA HANYA CE, BA MASAUKI BA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, ana yawan turo min wannan tambaya a ɓoye: "Malam, wanda ya saba shan kwalba biyar ya koma ɗaya, ya yi abin kirki, ko duk kanwar ja ce?" Masu tambayar fa 'ya'yanmu ne na cikin ganuwa. Da mu suke Magariba, bayan Isha'i kuma a hau adaidaita sahu a nufi Sabon Gari.

Mu fara da hukunci. Babu wani gwargwado na giya da ya halatta. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya haɗa kaɗan da mai yawa a hukunci ɗaya, matuƙar mai yawan yana bugarwa. A Ingila hukumomin lafiya suna da ma'aunin da suke cewa kada mai sha ya wuce a mako, amma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin giya da ba ya cutar da jiki. Don haka wanda ya ce zai tsaya a kwalba ɗaya har abada, ya yi wa saɓo shimfiɗa ne kawai.

To amma wanda yake ragewa da niyyar dainawa fa? Ni a fahimtata, kwalbar da ta rage masa zunubi ce, huɗun da ya bari don tsoron Allah kuma ba za su tafi a banza ba. Haramcin giya ma daki-daki ya sauka. A Baƙara aya ta 219 aka nuna zunubinta ya rinjayi amfaninta, a Nisa'i aya ta 43 aka hana yin sallah cikin maye, sannan Ma'ida aya ta 90 ta rufe ƙofa. Hukunci ya riga ya tabbata, ba mai komawa baya. Abin da ya rage mana shi ne darasin tarbiyya. Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda yake a Bukhari, cewa da hana giya aka fara saukarwa, da mutane sun ƙi bari.

Akwai kuma batun jiki. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya yanke dare ɗaya, zai iya kamuwa da karkarwa, gumi, jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, wani ma ya rasa ransa. Irin wannan likita yake buƙata, a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, a riƙe shi da magani har jikin ya saki. Ɗaure shi a ɗaki da mari ba magani ba ne.

Tun 2000 ake aiki da Shari'a a Kano, Hisbah kuma ta sha farfasa kwalabe a bainar jama'a. Wannan aikin hukuma ne. Namu aikin yana cikin gida da majalisa. A Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mu kuwa yaro zai zo ya ce ya rage, sai mu kira shi ɗan giya a gaban ƙannensa. Daga nan wa zai koma wa? Abokan can, su da ba sa gori.

Kai da kake ragewa, ka sa wa kanka ranar dainawa, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ka canza majalisa, ka ga likita. In ka zame ka sake tuba, kada ka bar jam'i don kunya. Iyaye da yayye, ku tambaye shi ina aka kwana, ku raka shi asibiti.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.