Shaidar Itace da Nauyin Sani

Shin mutum yana da alhakin shirya wa bala'in da shi bai taɓa gani ba, kakansa ma bai gani ba? Tsohuwar tambaya ce, amma masu nazarin rana sun ƙara mata nauyi a wannan zamani.

Ɗan Adam bai fara duban rana da madubin hangen nesa ba sai wajen shekarar 1610, a zamanin Galileo. Shekaru ɗari huɗu ke nan da 'yan kai, alhali ita rana ta haura shekara biliyan huɗu. A cikin wannan ɗan taƙi, guguwar rana da ta fi shahara ita ce ta watan Satumba na 1859, wadda Richard Carrington ya ga walƙiyarta daga Ingila, har wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi. A watan Maris na 1989 wata guguwar ta jefa mutum miliyan shida cikin duhu na kusan awa tara a lardin Kwibek na Kanada. Da a ce iyakar saninmu ke nan, da mun ɗauka mun ga ƙarshen fushin rana.

Sai dai akwai shaidun da suka girme mu. Idan ƙwayoyi masu ƙarfi daga rana suka bugi saman iskar duniya, sukan haifar da sinadarin kabon-14. Itace yakan shaƙe shi, ya adana a cikin zoben da yake ƙarawa a gangar jikinsa kowace shekara. A 2012 Fusa Miyake ta Jami'ar Nagoya a Japan ta auna zobban tsofaffin itatuwan tsibirin Yakushima, ta tarar sinadarin ya yi tsalle da kimanin kashi 1.2 cikin ɗari tsakanin shekarar 774 da 775. Ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika sun gaskata itatuwan da nasu sinadarin, beriliyam-10. Daga baya aka gano irin wannan alama a shekarar 993. Yawancin masana sun jingina abin ga rana, kuma sun ƙiyasta cewa ya fi duk wanda na'urorin zamani suka taɓa aunawa, nesa ba kusa ba.

A nan, a ganina, batun ya tashi daga kimiyya ya koma na ɗa'a. Mutanen 774 ba su da taransifoma, ba su da tauraron ɗan Adam. Mu kuwa asibitinmu da bankinmu da famfonmu duk a wutar lantarki suka rataya. Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. To, yau itacen ne da kansa babban, kuma ya riga ya ba da shaida. Wanda aka sanar da shi ba ya da uzurin jahilci.

Wani zai ce al'ummar da ke fama da yunwa da zazzaɓi ba ta da rarar dukiyar da za ta kashe kan hatsarin da watakila sai bayan shekara dubu zai dawo. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ce a bar mai jinya a tafi tsaron rana ba. Amma alhaki gwargwadon iko yake. Ƙasashen da suka cika sama da taurari, suka shimfiɗa manyan layukan wuta, su ne ya wajaba su tanadi kayan canji, su kula da na'urorin gargaɗi, su raba bayanin ga kowa ba tare da rowa ba, domin ranar da tsarin ya tsaya, talaka ne zai fi jin jiki.

Na yi imani cewa auna hatsari da tsawon rayuwar mutum guda wani nau'i ne na son kai, domin yana nufin abin da ba zai same ni ba bai dame ni ba. Jikokin da za su gaji wayoyin da muka shimfiɗa ba su da bakin magana a majalisunmu na yau. Tunda mun karanta abin da itace ya adana, tanadi dominsu ya zama amana a wuyanmu.